Me Fayil Ɗinka Ya Baro A Gida?

  Barkanku da aiki, musamman ku da ke wuni gaban kwamfuta a ƙananan shagunan cikin birnin Kano, daga Mandawari zuwa Ƙofar Wambai, daga Jakara zuwa Sabon Titi, kuna tsara katin ɗaurin aure, da kalanda, da takardun jarrabawar Islamiyyu, da littattafan malamai. Shirin yau naku ne, ku da masu kawo muku aiki, da masu injin da ke karɓa daga hannunku.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Shekarun baya da za a aurar da ƙanwata, ni aka ɗora wa nauyin katin gayyata. Na zauna da yaron wani shago muka tsara shi, na karanta a allon kwamfuta har sau uku, komai tsaf. Aka zuba a filash aka kai wa mai inji. Ana saura kwana huɗu ɗaurin aure aka kawo kati 500 a ɗaure. Da na zaro guda, sai na ga duk inda harafi mai ƙugiya yake ya ɓace, wani ɗan akwati fanko ya zauna a gurbinsa. Sunan ƙofar da za a bi a zo gidan ma da akwati ya fara. Na koma shago raina a ɓace. Yaron ya buɗe aikin ya juyo mini da allo, ya ce, "Yaya, duba da idonka, ga shi lafiya lau." Na wuce wurin mai inji, shi ma ya buɗe tasa kwamfutar ya ce, "Malam, abin da aka kawo mini ke nan, ban taɓa ko ɗigo ba." Abin da ya ɗaure mini kai a ranar shi ne dukansu biyun gaskiya suka faɗa.

Sai daga baya na gane inda gizo ke saƙar, kuma a kasuwar Kurmi na gane shi.

Ku shiga Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ku nufi wajen 'yan littattafai. Za ku tarar da Ahalari da Ishmawi da 'yan uwansu, bugun maɗaba'a ne, amma rubutun hannu ne, irin rubutun nan namu mai kauri na Kano. Yadda aka yi su ba ɓoyayye ba ne. Marubuci ya zauna da alƙalami da tawada ya rubuta shafi a farar takarda, mai maɗaba'a ya ɗauki hoton shafin, ya mayar da shi kan farantin bugu, inji ya fitar da dubbai. Haka rubutun gwanaye irin su Sharu Bala Gabari ya shiga gidaje da tsangayu har ƙasashen maƙwabta. To, ku lura da abu ɗaya. Takardar da wannan marubuci ya miƙa tana ɗauke da komai nata. Harafin yana jikinta, wasalin yana jikinta, girman shafin yana jikinta. Ba abin da ta baro a gida.

Fayil ɗin kwamfuta ba haka yake ba. Shi ɗan aro ne. Idan ka buga harafi, kwamfuta ba ta ajiye siffarsa a cikin fayil, lambarsa kawai take ajiyewa, tare da sunan zubin haruffan da ka zaɓa, wanda 'yan shago ke ce wa font. Siffar kuwa tana can zaune a cikin kwamfutarka. Ranar da fayil ya je baƙuwar kwamfuta, sai ya nemi wannan zubi. In babu, sai ta ara masa wani. In wanda aka aro bai san ƙa da ɗa da ɓa ba, sai akwati. Saboda haka duk lokacin da aiki ya lalace tsakanin shago da maɗaba'a, kafin a fara nuna wa juna yatsa, tambayar farko ita ce: me fayil ɗin nan ya baro a gida?

A kan haruffa zan fi daɗewa, domin nan ne ciwon namu na Hausawa yake. Waɗannan haruffa masu ƙugiya sun shigo rubutun boko ne a shekarun 1930. Kafin nan ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin harafi. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, haruffan dalma ake jerawa, kuma dole sai an ƙera namu musamman domin ba sa cikin na Turawa. Zamanin tafireta kuwa manyanmu sun sha fama, a buga ka, sannan a bi da biro a yi mata ƙugiya da hannu. Da kwamfuta ta zo, matsalar ta biyo mu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffa masu ƙugiya, kuma tsofaffin masu buga rubutu ba za su manta da zubinsa mai suna Rabi'at ba. Wannan aiki ya share wa marubuta hawaye a daidai lokacin da littattafan Hausa ke cika kasuwar Kano, kuma ya cancanci godiya.

Sai dai zubin haruffan wancan zamani dabara suka yi. Tun da babu gurbin ƙa a madannan kwamfuta, sai a ari gurbin wani harafin da Hausa ba ta amfani da shi, a zana namu a kansa. Wasu sun ari q da x da v, wasu sun ari alamomin baka. A ido ƙa ce, amma a cikin cikin kwamfuta q ce sanye da rigar ƙa. Da zarar an tuɓe rigar, sai ka ga ƙasa ta koma qasa, ɗaya ta koma xaya, ɓangare ya koma vangare. Duk wanda ya taɓa karanta kundin digiri na Hausa a intanet ya ga irin wannan. Har akasin haka ma yana faruwa: lambobin Romawa da ake sa wa shafukan gabatarwa, goma sha huɗu da ake rubutawa xiv, sai ka gan ta ta fito ɗiɓ.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa, mu ne ba mu rungume shi gaba ɗaya ba. Tun 1991 aka fito da tsarin Unicode, wanda burinsa kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa ta kansa. Namu suna ciki. Ƙaramar ƙa lambarta 0199, ɗa 0257, ɓa 0253. In kana cikin Microsoft Word, ka buga lambar, ka danne Alt ka taɓa X, harafin zai fito. Wanda ba ya son haddar lamba, Windows tana da madannan Hausa da za a kunna, wayoyinmu ma suna da su. Harafin da aka buga ta wannan hanya ƙa ce ta gaskiya, duk inda ta je ita ce. Abin da ya rage shi ne a zaɓi zubin da ya san ta. Akwai Charis SIL, da Gentium, da Andika, da dangin Noto na kamfanin Google, duk kyauta ake sauke su.

Ga ɗan gwajin da nake roƙon kowane mai shago ya riƙe. Kafin ka fara aiki da sabon zubi, musamman masu ƙawar nan da ake so a katin biki, ka buga "Ƙofar Ɗan Agundi", ka buga "Ɓarawo ya ɓoye ƙoƙo a ɗaki". Manya da ƙanana duk sun shigo ke nan. Ka kaurara rubutun ka duba, ka karkata shi ka duba. Ka ƙura ido sosai, domin wani lokaci manhaja ba ta nuna akwati, sai ta aro harafin nan guda daga wani zubi a ɓoye ta cusa. A allo ba ka lura ba, a takarda sai ka ga ƙa ta fi 'yan uwanta siranta ko tsawo, ta yi tsuru kamar baƙo a sahun gaba.

Na san abin da wasu za su ce: a bar ƙugiyar mana, ai mai karatu zai gane. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Fada daban, faɗa daban, kuma a garin da ake cewa a haɗu a fada, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Manyan baƙi ba manyan baki ba ne. Kishi ba ƙishi ba ne. Babba zai iya lalubo ma'ana daga zancen, amma yaron firamare da ka buga wa littafin karatu fa? Abin da ya gani a bugu shi ne daidai a wurinsa har ya girma. Mai tsara shafi malami ne ko bai sani ba.

Akwai wasu ƙananan ɓarna da manhaja ke yi wa Hausa saboda ta ɗauka Turanci kake bugawa. Alamar da ke gaban 'yan da 'ya'ya, sau da yawa Word yana juya ta baibai, yana zaton zancen wani za ka buɗe. Kalmar i, ta amsawa, yana mayar da ita babban harafi. In kuma ka bar shi yana karya kalma a ƙarshen layi, zai raba ts ko ƙw gida biyu, abin da ba ya rabuwa a bakin Bahaushe. Kashe gyaran kai tsaye, kashe karya kalma, ka gaya wa manhajar ba Turanci ba ne. Wanda kuma yake da tsohon aiki mai q da x da v, zai iya sa kwamfuta ta nemo ta musanya su da na gaskiya, amma ya bi sunayen baƙi da lambobin Romawa ɗaya bayan ɗaya kada a yi musu ƙugiyar da ba tasu ba.

Mu juya ga Larabci da ajami, domin a cikin birni da wuya ka wuni a shago ba a kawo maka aikin da bismilla ko addu'a ke samansa ba. Matsala ta farko kowa ya san ta: ka kwafo rubutu ka zuba a manhajar da ba a shirya ta don rubutun dama zuwa hagu ba, sai haruffa su tsinke, kowanne ya tsaya shi kaɗai, ko layin ya juya ya fara daga hagu. Wannan ana ganinsa nan take. Wadda ta fi haɗari ita ce wadda ba ta ihu. Mu a nan da Warshu aka yaye mu a makarantar allo. A rubutunmu fa'un ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙafun ɗigonsa ɗaya a sama. A bugun ƙasashen gabas kuwa fa'un ne mai ɗigo ɗaya a sama, ƙafun biyu. Kun ga ke nan in aka tsara wa dattijo ɗan tsangaya littafi da zubin gabas, inda aka rubuta fa'un shi ƙafun zai gani. Ga kuma ɗigon imala da ajami ke dogaro da shi wajen wasalin e, wanda ba kowane zubi ne ya san inda zai ajiye shi ba. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubi mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan don rubutun Afirka ta Yamma. Ku neme su. Amma ko da wane zubi aka yi, in aya ce, kada a kai ta inji sai mahaddaci ya duba ta a takarda, wasali bayan wasali. Kuma don Allah, masu maɗaba'a, takardun gwaji da suka lalace masu ɗauke da ayoyi, a killace su, kada su ƙare a hannun mai ƙosai.

To, yaya za a sa fayil ya tafi da kayansa? Hanya biyu ce. Ta farko, a mayar da aikin PDF, tsarin da kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, a kuma tabbatar an zaɓi a cusa zubin haruffan a ciki. Ta biyu ita ce ta masu CorelDRAW, wanda shi ne sarki a shagunanmu: ka zaɓi rubutun, ka danne Ctrl ka taɓa Q, sai haruffan su daina zama haruffa su koma zane. In kun duba da kyau, wannan komawa ce ga abin da marubucin Kurmi ya yi, harafi ya zama siffar da ke jikin shafi, ba mai canja ta. Sai dai zane ba ya gyaruwa. In an ce an ɗaga ɗaurin aure zuwa wani mako, ba za ka iya goge lamba ka sa wata ba. Don haka ka ajiye kwafi biyu, mai rai a wurinka, mai zane a wurin mai inji. Kati da fasta da bangon littafi, a mayar da su zane. Cikin littafi mai shafi ɗari biyu kuwa, PDF ya fi.

Hotuna ma 'yan aro ne. Masu aiki da InDesign, da dattawan da har yau ba su rabu da PageMaker ba, duk da cewa tun 2001 aka yi fitowarsa ta ƙarshe, su sani cewa waɗannan manhajoji sau da yawa inuwar hoto kawai suke nunawa a shafi, ainihinsa yana inda ka ajiye shi. Ka ɗauki fayil ka bar hoton, sai inuwar ta fito dishi-dishi. InDesign yana da umarnin Package da ke tattara komai a jaka guda. Sannan hoton bugu yana son ɗigo 300 a kowane inci. Ma'ana hoton da zai ci faɗin santimita 10 a takarda yana bukatar ɗigo kusan 1,200 a faɗinsa. Hoton angon da aka turo ta WhatsApp, aka tura wa wani, shi ma ya tura, an matse shi, kuma jan kusurwarsa a allo ba zai dawo da abin da ya zube ba. A ce wa mai aiki ya turo na asali, ya tura shi a matsayin takarda, kada ya tura a matsayin hoto.

Wani abin da ke mayar da mutum gida da rana tsaka: ka yi aiki da sabon CorelDRAW, mai inji yana da tsoho, fayil ya ƙi buɗuwa. Tambaya ɗaya a waya kafin ka fito ta isa, sai ka adana a fitowar da yake da ita.

Batun launi kuwa, ku tuna marinar Ƙofar Mata. Zane yana fitowa daga rijiyar baba kore-kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi, kuma marini ba ya yanke hukunci sai ya bushe. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi. Inji kuwa da tawada huɗu yake yi, shuɗi mai haske, da ja mai sirkin ruwan hoda, da ruwan ɗorawa, da baƙi, abin da za ku gani an rubuta CMYK. Koren nan mai ƙyalli da ke burge mai aiki a allo, tawada ba ta iya kai shi. Ka fara aikin a CMYK tun farko, tun ran gini tun ran zane, ka kuma gaya wa mai aikin gaskiya kafin a buga. Ƙananan rubutu baƙi, a yi su da baƙar tawada ita kaɗai. In ka bar su da haɗin tawada huɗu, sai faranti huɗu sun hau kan juna daidai, in ɗaya ya goce ko da gashi guda ne, rubutun zai yi inuwa ya gajiyar da ido.

Saura wuƙa da ninki. Injin yanka takarda ba ya faɗawa daidai kan layi kullum, don haka launin da kake so ya kai bakin kati, ka zarce da shi milimita 3 waje, rubutu kuma ka janye shi ciki. Duba girman takarda tun kafin ka buga kalmar farko, domin Word yakan zo a saite da takardar Amurka, wadda ta fi A4 faɗi kuma ta fi ta gajarta. Tamu milimita 210 ce a 297. In aka canja bayan an gama, duk shafukan za su zame, musamman in da madannin sauka layi ka yi ta tura babi zuwa sabon shafi maimakon ka sa umarnin raba shafi. Ƙaramin littafin da za a ninke a ɗinke da waya a tsakiya, dole adadin shafukansa ya rabu da huɗu. In 16 ne, shafi na 16 da na 1 su ne maƙwabta a takarda, na 2 da na 15, haka har tsakiya, kowane biyu in ka haɗa su ba ka 17. In lissafin bai ba ka haka ba, an yi kuskuren jeri. Ka kuma leƙa ƙasan kowane akwatin rubutu, in ka ga jar alama, manhajar tana gaya maka akwai sauran magana da ta ɓuya ba ta sami wuri ba. Sunayen iyaye da yawa sun faɗi daga katin biki ta wannan ƙofa.

Bayan duk wannan, abin da ban yi ba a katin ƙanwata shi ne abin da ya fi sauƙi. Ban ce a fitar mini da guda ɗaya a takarda daga kwamfutar mai inji ba. Gani ya kori ji. Daga wannan kwamfutar da za ta yi farantin, ba daga ta shago ba, a fitar da kwafi ɗaya, a ninke shi yadda za a ninke, a yanke yadda za a yanke. A ba wanda bai buga rubutun ba ya karanta da ƙarfi, domin idon wanda ya buga yana ganin abin da ya yi niyya ne. A duba kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, a tabbatar rana ɗaya suke nufi, kuma Asabar ɗin da aka rubuta Asabar ce a kalanda. A kira lambar wayar da ke jiki a ji ko ta shiga. Sannan mai aikin ya sa hannu a bayan takardar, mai inji ya ajiye ta. Mu dai a wancan karo sai da aka sake bugu, aka raba asarar uku, aka kai katin ƙarshe gidajen dangi ana gobe ɗaurin aure.